Lambar Gidan Dambo

Biyar ga wata takardu ke isowa,
wasu a bayan babur, wasu a jakar direban Magarya,
wata da tabon man gyaɗa a kusurwa.
Ni ke zaune nan, ofishin ƙididdiga, Damagaram,
fanka na nishi bisa kaina,
ina zuba zazzaɓin ƙasa cikin na'ura, layi bayan layi.

Gidan Dambo ne ya sa mini furfura.
Majo Laminu, ɗan lakkwal, da harafin nasara yake rubuta shi,
Fassuma ungozoma ta rubuta yadda bakinta ke faɗi,
ran gaggawa kuwa, harafi ɗaya da ɗigo, a wuce.
Na'ura ba ta taɓa shan fura a garin ba,
ba ta san tsamiyar bakin ƙofa ba,
sai ta ƙirga asibiti uku
inda ɗaki biyu ne da rumfar kara.
Haihuwa sha biyu ta raba su hurhuɗu,
mai dubawa daga Yamai ya ce, ai nan da sauƙi.

Ga kuma takwara can arewa, hanyar Tanut,
shi ma Gidan Dambo, wani Dambon ne ya sari dajinsa.
Daminar bara kwali tara na maganin zazzaɓi
suka bi suna, suka yi arewa,
inda sauro bai da ko tabkin kwana.
Kudu kuwa ruwa ya kai gindin gero.
Laminu ya kira ni da tsakar dare, kuɗin wayarsa na ƙarewa:
"Harisu, yara sha bakwai kan tabarma,
ina maganina?"
Na duba allo. Allo ya ce an kai.
Na ce an kai. Ya yi shiru.
Shirun nan har yau yana aljihuna.

Kakata zane uku gare ta a kunci,
ko ta ɓace a tsakiyar kasuwar Dole
an san ƙofar da za a mai da ta.
Da ita na tuna ranar da jerin lambobi ya zo,
kowane asibiti da tasa, babba da ƙarami,
daga mai bene har mai gado ɗaya.
Ba a yanka rago ba, wanzami bai zo ba,
aka raɗa wa na kudu:
bakwai, sifiri, huɗu, ɗaya, biyu, tara.
Na arewa ya ƙare da shida.

Laminu ya yi tsaki: "Yau mun zama ƴan kaso,
da lamba za a kira mu."
Fassuma ba ta tanka ba,
ta ari fenti shuɗi wajen mai walda,
ta hau turmi, ta rubuta bisa ƙofa,
taran ya ɗan karkace kamar mai jin barci.

Bana kwalaye sun sauka gindin tsamiya
tun kafin hadari na uku.
Ban yi guɗa ba, ni namiji ne, kuma akwai aiki.

Lamba ba ta san sunan ɗan Gaptiya ba,
wanda bai jira kwalin ya juyo daga arewa ba.
A littafin bara, shafi na takwas,
ɗaya ne kawai cikin wani ɗan akwati,
da hannuna na sa shi.

Shi ya sa in na zo kan tara nake dakatawa,
in ɗora yatsa bisa allo,
in karanta a bayyane, sau biyu,
har yaron ofis ya riƙa dariya.
Bar shi ya yi.
Tara in ta kifa shida ce,
kuma tsakaninsu tafiyar yini guda ce a mota.