Kwana Tara

Shekara arba'in da ɗoriya ina bin kifi da birgi,
daga fadamar Baturiya har bakin Marma,
ban taɓa tambayar ɗayansu ko ya karya kumallo ba.
Yau ga ni durƙushe gaban wata 'yar mitsila
wadda ba ta cika tafin hannun jikata ba,
ina lallashi, ina ba da haƙuri.

Tasi'u ne ya aiko ta daga Ikko,
cikin leda, cikin kula, a kujerar gaba ta motar Ɗan'iya.
Launinta garin ɗorawa,
da baƙin zane a ido kamar ta sha kwalli.
Ya ce, Baba, kar ka haɗa ta da biyun da ke babban gilashi,
killace ta mako uku, ko ta zo da cuta.
Ruwanta daban, cokalinta daban, 'yar komarta daban.
Gishirin buhun nan za ka sa, ba na miya ba, ba manda ba.

Na auna gishirin. Allah ne shaida na auna.
Na ɗanɗana ruwan rijiyarmu bayan na dama,
na ce to, wai wannan ne teku.

Ran farko ta shige guntun bututu, ta juya mini wutsiya.
Ran na uku na barbaɗa ƙwayoyin gwangwani,
suka sauka a hankali, suka wuce ta gefen bakinta,
ko kallo.
Na jiƙa su da ruwan tafarnuwa yadda yaron ya ce a waya.
Na daka ƙananan jatan lande a turmin yaji,
Ladidi ta yi ta faɗa har la'asar.
Na haƙo tana a gindin randa,
abin da tarwaɗa za ta kashe uwarta a kai.
Ta shinshina. Ta koma bututu.

Tarwaɗa ba ta san kunya ba, har sabulu ci take.
Karfasa ta ci gansakuka ta gode.
Gaiwa in ruwa ya janye ta kwanta cikin laka
ta yi ta cin jikinta har damina,
amma ita ta san ranar da take jira.
Ke fa? Wace damina kike jira a nan?

Da dare batirin sola yana nishi,
famfon iska na tofa kumfa ɗaya ɗaya,
ni da ita, da kwaɗin fadama can nesa.
Na haska fitila: cikinta ya fara lotsawa,
kunnuwanta na bugawa da sauri kamar na wanda ya yi gudu.

Sai na tuna bara waccan, da aka yi mini aikin ido a can garinsu.
Bene hawa huɗu, ɗaki fes, fanka na juyawa.
Matar Tasi'u ta kawo shinkafa, ta kawo kaza, ta kawo ayaba,
ta tsaya a kaina tana cewa Baba ka ci mana.
Abincin ba shi da laifi.
Idon da ke kaina ne ya tokare mini maƙogwaro,
da ƙamshin iskar da ba ta san sunana ba.
Sai da kowa ya yi barci na laluba kwanon.

Jiya na ɗauko tsohon zanen Ladidi
na lulluɓe gilashin ta gefe uku.
Na kori yara daga ƙofar, na kori kaina.
Na ƙirga ƙwaya biyar, na zuba, na ba ta baya,
na tafi masallaci ban waiwaya ba.

Da asuba na ɗaga gefen zanen.
Huɗu a ƙasa.
Na sake ƙirgawa da tsinken tsintsiya. Huɗu.

Ladidi ta ce famfo ne ya zuƙe.
Mai yiwuwa.
Ban kira Tasi'u ba tukuna.
Yau shida zan zuba.