Ƙidayar Baba Nomau

Na sauka tashar Achida bayan azahar,
jaka ɗaya a kafaɗa, sukari da sabulu a leda.
Ƙamshin tumu ne ya fara tarbata a hanya
tun kafin wani ɗan Adam ya ce mini barka.

Gida ya cika har zaure.
Hakilu ya iso daga Fatakwal da tari da labarai,
Ige ta zo daga Gwadabawa, ɗaya a baya, biyu a hannu,
Jabbi kuwa, da ya rantse bana ba zai samu zuwa ba,
ga shi can saman rumbu, wando a naɗe, yana gyaran jinka.

Inna Tumba ba ta ce mini sannu ba.
Haɓata ta kama, ta juya wuyana hagu da dama,
ta ce, "Birni ya tsotse ka, ɗan nan."
Ta dire mini ƙwaryar hura ta sabon gero,
ta tsaya a kaina sai da na shanye duka.

Da hantsi muka jera dammuna a gaban rumbu.
Baba Nomau ya zauna kan kifaffen turmi,
sandarsa tana taɓa kowane dami kamar mai gaisuwa.
Haka gidan nan ya gada:
tara na rumbu, na goma na zakka.

Ɗaya, biyu, uku, huɗu.
A na bakwai ya ɗaga sanda, ya ce, "Goma. Ku ware."
Na haɗiye magana.
Ya sake farawa, a na shida ya ce goma.
Ni da nake riƙe wa kamfani littafin kuɗi,
na buɗe baki zan gyara wa tsoho,
sai na ji Inna ta sami babban yatsana ta taka.

Bayan garka ta ja ni, murya ƙasa-ƙasa:
"Kana zaton tsuhwa ne?
Wanga tsoho ko kajin maƙwabta ya san yawansu.
Gulbi ya cinye gonar Arzika,
ko zangarniya guda bai kai gida ba.
In anka ce kyauta ce, ba shi amsa.
In anka ce haƙƙin Allah ne, ba shi da ta cewa.
Shi ya sa ubanka ya mance ƙidaya tun marka."

Sai bayan isha'i aka ɗaure wa jaki kaya.
Jabbi ya bi ta lungun bayan masallaci, ba fitila,
ya dawo bai ce komai ba, mu ma ba mu tambaya ba.
Aka kawo tuwo da miyar sure a babban akushi,
hannu bakwai, gwiwa tana gugar gwiwa.
Yara suna rigima kan dafaffen ƙwaruru,
daga can dandali gangar 'yan kokawa tana kira,
Hakilu yana rantsuwa da can ya kayar da ƙato uku,
Ige tana dariya har ɗan goyonta ya farka.

Inna tana gefe da 'yar fitilarta,
tana zaɓen zangarniya mafi tsawo, mafi cikar ido.
Waɗannan ba na turmi ba ne.
Za su kwana rataye a ɗakinta, sama da gadonta,
har ruwan farko ya kira su shuka.

Baba ya wanke hannu, ya ɗaga su sama.
Bai roƙi komai ba a daren nan.
Ya ambaci ruwa, ya ambaci lafiya,
ya kira sunayenmu ɗaya bayan ɗaya, har na waɗanda ke ƙasa,
a nan kam bai tsallake ko ɗaya ba.

Sannan ya juyo: "Kai ɗan boko, dami nawa munka samu?"
Na ce, "Baba, ƙidayar ta ɓace mini."
Ya daɗe yana kallona, goro a kumatu.
Ya ɓare ɓarin da ya rage, ya miƙo mini,
ya ce, "To, Allah shi maimaita muna wata kaka."