Abu Huɗu a Aljihun Baba

Daren Asabar a ƙauyenmu, kudu da Sumaila,
ni ce idon Baba.
Tun da yana ta rufe masa na dama, na hagu ya koma hazo,
Littafin ya dawo cinyata.
Fitila mai cajin rana na rataye a ƙusar zaure,
ƙwari na kewaya ta.

"Tabita, maimaita."
Na maimaita.
"Kina gudu kamar an biyo ki. Aya ba cinikin kasuwar Gani ba ce.
Tauna ta."
Sai in tauna, shi ya haɗiye,
leɓensa na bin sawun nawa
kamar saniya mai tuƙa a gindin gawo.

Labarin mai shuka ne wannan makon.
Na ce, Baba, da ka sauya wani.
Sau biyu muka binne gero bana,
sau biyu rana ta toye shi bai kai tsawon yatsa ba.
Gwamma ta share gindin rumbunta, har irin ta daka.
Wa zai tsaya gaban masu wannan miki
ya yi musu zancen yabanya?
Ya yi shiru har jakin Shekarau ya yi kuka ya gama.
Ya ce, "Ai ni ma na shuka.
Wanda bai sha rana ba, kada ya yi wa mutane zancen inuwa."

Ba ya rubutu yanzu.
Da asuba ya lalubi hanya da sanda
ya tsinto kawunan maganarsa:
hoge daga burtali,
tsakuwa daga fako,
ƙayar aduwa guda,
da ƙwayar gero daga zangarniyar da Inna ta soke a rufin ɗaki.
Duk ya zuba a aljihun farar rigar
da na goge da dutsen gawayi.

Yaro ya bugi tsohon ƙarfen taya a reshen darbejiya.
Mu arba'in da 'yan kai, kan bencin laka,
matan zumunta na fifita da gefen mayafi.
Baba ya ciro hogen, ya murƙushe shi da ƙyar:
ga zuciyar da kowa ya bi ta kanta ya taka.
Ya ciro tsakuwa. Tanimu na gyangyaɗi.
Ya mai da hannu karo na uku,
ƙayar ta soke shi.
"Wash!" in ji mai bishara a gaban jama'a,
yara suka tuntsure da dariya, har Tanimu ya farka.
Ya ɗaga yatsan, jini ya taru a kai.
"Kun gani? Ni na sa ta da hannuna, na kuma manta.
Haka damuwa take."

Yana laluben ta huɗu iska ta bugi taga.
Ɗigo ɗaya a kwano. Biyu.
Sai sama ta kwance bakin jakarta.
Bakin Baba na motsi, ba mai jin ko wasali,
ƙwayar na tsakanin yatsunsa, ƙarama, ba mai ganinta sai ni.
Can ya haƙura. Ya tsaya yana murmushi,
fuskarsa sama, kamar ɗalibin da malaminsa ya shigo.
Gwamma ta tara hannu a inda rufin ke yoyo
ta shafe fuska, ta sake tarawa.

Lahadi ce, ba mai taɓa sungumi,
amma kowa ya kwana da nasa a bakin ƙofa.

Da dare na ce, Baba, me za ka faɗa kan ƙasa mai kyau?
Mako guda muna shirinsa, ba wanda ya ji.
Ya ce, "Sauko da zangarniyar nan.
Raba biyu, ki kai wa Gwamma kafin gari ya waye.
Kada ki yi sallama da ƙarfi."

Na tafi cikin taɓo, takalmi a hannu.
Ƙwayar aljihun kuwa, na tsince ta ranar wanki,
na tura ta da ɗan yatsa a bayan majami'a, inda indararo ke zuba.
Ban sani ba ko za ta fito.
Kaji na yawo a wurin.
Ina dai leƙawa.