Kududdufi Ya Sa Koriyar Riga

Da can, kafin hantsi ya dubi ludayi,
Baba Cindo kan tsuguna a gaɓar kududdufin Kwakwaci
yana ƙirga ramuka kamar mai ƙirga jikoki:
bakwai a gindin kacala, huɗu wajen tsohuwar giginya.
Na gyazbi ne.
Sai sawu ya ɗauke suke fitowa,
su datse ciyawa a karkace kamar da askar wanzami,
su bar mana rubutun ƙafa a kan laka,
mu yara mu bi, mu bi, har ruwa ya haɗiye shi.

Ni na gaji lambun da ke sama da gaɓar.
Latas, kabeji, albasa mai lawashi.
Takin zamani na ɗauko bashi, buhu biyu,
na watsa ba awo, don ganye ya yi shar.
Maganin feshi ma ban yi masa rowa ba.
Sai marka ta sauka kwana uku,
abin da ƙasa ta ƙoshi ta bari
ya gangara.
Ruwa ba ya tambayar hanya.

Kafin wata ya mutu, kududdufi ya sa koriyar riga.
Gansakuka ta shimfiɗa tabarma mai kauri,
har ɗan tsako ya taka bai nutse ba.
Rana ta leƙa, ba ta ga gindi ba, ta wuce.
Bado ya ruɓe a tsaye.
Tarwaɗa ta taso tana haki,
washegari ta juya farin cikinta sama.
Wari ya riga liman shiga masallaci da asuba.

Jiya na zaga.
Rami tara gizo-gizo ya saƙa musu labule.
A bakin na goma uwa ce kwance,
gashinta ya rine kore, ƙudaje na zaman makoki.
Na sha ɗaya ban leƙa ba.

Idon Baba Cindo ya tafi tun bara.
Ya ce, "Ilu, nawa ka ƙirga?"
Na ce, "Suna nan, Baba."
Ya ɗaga kai, ya shaƙi iska, ya jima.
Ya ce, "Hancin dai bai makance ba."

Kabejina ya yi kai kamar tulu,
a 'Yankaba rububinsa aka yi.
Na biya bashi, har da canji a aljihu.
Rabin buhu na jingine a zaure,
bakinsa ɗaure da tsumma.
Gobe Laraba, ranar zuba taki.
Tun magariba nake kallonsa,
shi ma yana kallona.