Alƙalancin Saje Maikano

A bene na biyu, bayan gadar Ikeja,
inda nake gyaran kwamfuta, fanka ɗaya tana tari,
Jazuli da Folarin sun kwana uku suna musu
kan wasan yaƙi biyu: wanne ya fi kama da gaske.

Na Jazuli wuta ce zalla.
Kai ne mai bindiga, numfashinka a kunnenka,
ka leƙa ta kusurwar gini, ka wurga gurneti,
jirgi marar matuƙi na shawagi kamar shirwa a kan mahauta.
Minti bakwai an gama, an ƙirga gawa, an ba ka tauraro.
Ya ce, "Taɓa ƙirjina ka ji.
Ƙarya ba ta sa zuciya gudu haka."

Na Folarin taswira ce, babu jini ko ɗigo,
'yan akwatuna shuɗɗa da jajaye na rarrafe a bakin kogi.
Ka lissafa mai, ka lissafa harsashi, har taya,
ka aika umarni ya yi rabin awa a hanya.
In gada ta karye, tankokinka su yi cirko-cirko
kamar danfo a Oshodi ranar da ruwa ya ci titi.
Ya ce, "Janar ba ya harbi. Tunani yake."

Ni da ƙarfen dalma a hannu, ban ce uffan ba.

Ran Alhamis ruwa ya tsuge,
Saje Maikano, mai gadin ƙofar ƙasa, ya hawo fakewa
da ƙafar hagun da ba ta shiri da matakala.
Shekara ashirin da biyu ya yi cikin kaki.
Suka ja masa kujera. "Baba, raba mu."

Ya kalli na farko har aka kashe Jazuli sau huɗu.
"Wa ke tashinsa?"
"Maɓalli ne, Baba."
"To."

Ya ɗora yatsa kan akwati ɗaya shuɗi a na biyu.
"Mutum nawa ne a nan ciki?"
"Ɗari da ashirin."
"Sun ci abinci?"
Folarin ya duba. "Kashi sittin cikin ɗari."
Saje ya yi dariya har goron ya kusa shaƙe shi.
"Ban taɓa ganin mai yunwa kashi arba'in ba.

Wannan ya san tsoro, wancan ya iya lissafi.
Ku nemo mini wanda ya san jira.
Kwana goma sha tara a rami, ruwa har ƙugu,
safa ta ruɓe a ƙafa,
ba a harbe mu ba, ba mu harbi kowa ba,
sauro kaɗai ke kawo hari a kan lokaci.
Ran na ashirin Haladu ya miƙe zai ɗora shayi..."

Nan aka ɗauke wuta.
Yaƙi biyu suka mutu tare, fanka ta ja numfashin ƙarshe.
Folarin ya dafe kai, bai adana wasansa ba.
Muka ji Saje yana sauka cikin duhu,
ƙafa mai kyau, sannan ɗayar,
ƙafa mai kyau, sannan ɗayar.

Washegari bayan la'asar sai ga shi.
Ya ce a kunna masa mai taswirar.
Na nuna masa yadda ake jan kibiya.
Ya janye akwatin shuɗi daga bakin kogi,
ya kai shi bayan tudu, ya tura masa motar abinci,
ya harɗe hannu.

Jajaye suka haye gadar, suka cinye garin.
Allo ya rubuta an ci shi da yaƙi.
Jazuli ya ce, "Baba, ai ka faɗi."

Ya ce, "Duba mini akwatin."
Na duba.
Ɗari da ashirin cif.

Ya ciro goro, ya ɓare, ya miƙo mini rabi,
ya koma ƙofarsa, domin wata mota na ta hon.