Bolar Sama

An ɗauke wuta a Mabera bayan magariba,
maƙwabta na tsaki, ni ko sai hamdala.
Na hau soro da madubin hangen nesa a kafaɗa,
ɗan gwanjo ne, tsawonsa bai fi kamu uku ba,
ƙafa ɗaya ta karye, na ɗaure ta da roba.

Da rana ni ke kafa faranti a rufin jama'a,
in juya, in ɗaga, in yi kira ƙasa: "Ya kama?"
Shekara tara ina saiton abin da ban taɓa gani ba.

Ga ɗaya can! Ya ɓullo ta wajen Kware,
babu ja da kore irin na jirgi, babu ƙara,
tafiya kawai, kamar wanda ake bi bashi, ba waiwaya.
Sau uku yana kuɓuce mini, hannuna na rawa,
kafin ya kai saitin Dange inuwar ƙasa ta haɗiye shi ɗanye.
Kulu ta haska littafi da 'yar wayata:
"Bakwai da arba'in da biyu, Baba. Na rubuta."

Na biyun ya zo da wata irin tafiya,
ya walƙa, ya ɓace, ya sake walƙawa.
Wannan gangar roka ce, an ci moriyarta an yada,
tana ta alkafura, ba mai ita, ba masauki,
ta girmi Kulu, wataƙila ta girmi gidan nan ma.

Sai ga Arzika ɗan gwangwan, da kofin shayi:
"Mi kaka biɗa bisa, kai da ba ka aje komi ba?"
Na matsa masa. Ya runtse ido ɗaya, ya duƙa.
Na ce matattun ƙarafa ne, dubbai, suna kewaya,
kusoshi, murafu, fallayen da suka daina amsa kira.
Ya yi shiru har shayinsa ya huce,
sannan ya ce, "Kilo nawa taka yi?
Wagga bola, wa ad da ita?"

Muka yi dariya. Kulu ba ta yi ba.
Ta ce, "To wa zai share?"
Na duba Zara, na duba Kaza da 'ya'yanta,
ba wadda ta tanka.

Wuta ta dawo, yara suka ɗau sowa,
sama ta dushe kamar tsohon zane.
Ladan ya kira isha.
Na naɗe ƙafafun nan uku, na sauko a hankali,
tambayar yarinya ta fi madubin nauyi a kafaɗa.