Tsakanin Bugu da Bugu

Katakan nan biyu dogaye
da ke tokare da rufin akurkin kaji a gidan Baba Jatau,
ka gan su?
Sun taɓa yin gudu.

Koyon gyaran tarakta aka tura shi,
ƙasar da rana ke leƙowa ta koma
kamar wadda ake bi bashi.
Ɗan maharbi daga Bundot,
bai san wani sanyi ba sai na asubar Dass.
Suka ɗaura masa katako a ƙafa,
suka rataya masa bindiga a baya,
suka nuna masa farin daji, suka ce bismilla.
Shekarar farko, in ji shi, da haɓa ya yi tafiyar.
Ya ci dusar ƙanƙara
har yana bambance ta safe da ta yamma a baki.

Harbi kuwa gado ne.
Ubansa kan bi gada daga gindin Mbula har rana ta take,
ya tsaya cak, ƙirji na lugude,
hannu ko gezau.

Biyar a kwance, biyar a tsaye.
In ka kuskure ɗaya, ka biya tara da zagaye guda
kana kallon bayan waɗanda ka tsere wa.
Sau uku sunansa ya hau saman allo,
mai shela na kiransa Yatau.
Babu wanda ya ji a gida.
Har uwarsa ta koma ga Allah
ta ɗauka tarakta yake gyarawa.

Bai cika ba da labarin ukun nan ba.
Wanda ya fi so shi ne na tseren ƙarshe:
yana gaba, saura harsashi ɗaya,
sai ya hango kansa riƙe da kofi
tun bai taɓa kunama ba.
Ya ce, nan take iska ta gane ba na nan.

Ya dawo da gwiwa mai ƙara,
da lambobin zinare cikin gwangwanin madara
tare da ƙusoshi da tsohon makulli.
A teburin mai shayi ana ce masa Sarkin Ƙanƙara,
ana ƙyafta ido.
Shi ma yakan taya su dariya.

Mu ya samu, 'yan firamare.
Gwangwani biyar kan katanga, danƙo, tsakuwa biyar.
Mu zaga fili sau huɗu har numfashi ya zama wuƙa,
sannan ya ce harba.
Wanda ya kuskure, ya gaida ɗorawa ya dawo.
Ni, Saratu, ɗorawar nan ta san ni fiye da kowa.

Yakan ce, gudu ai ko kare ya iya,
tsayuwa ce aiki.
Kada ku jira zuciya ta yi shiru,
ba za ta yi ba sai ranar da aka ɗauke ku a kafaɗa.
Amma tsakanin bugu da bugu akwai 'yar ƙofa.
Ta nan ake wucewa.

Damina biyu ke nan da binne shi.
Babu titi da sunansa, ko kwalbati.

Daren jiya wuta ta ɗauke a asibiti.
Na taho a guje daga ɗakin magani,
yaro ɗan wata tara, gudawa ta tsotse shi,
jijiya kamar zaren gizo,
uwar na haska min da wayarta, hasken na rawa.
Allura a hannuna, ƙirjina na lugude.
Ban jira ya yi shiru ba.
Na saurara.
Bugu.
Ƙofa.
Jini ya leƙo cikin roba, ja, sau ɗaya tak.

Da safe na biyo ta ƙofar gidansa.
Wata kaza ta yi ƙwai ƙarƙashin katakan,
tana ta shela
kamar ita ta zo na ɗaya.